Yadda Za Ka Gyara Ƙoton Bogi Ya Riƙa Kama Maka Kifi

Duk wanda ya daɗe yana fatsa yana da wani ƙoto guda ɗaya a akwatinsa wanda ba ya ba da aronsa. Fentinsa ya ɗaye, ido ɗaya ya fita, jikinsa duk sawun haƙori, amma ranar da kifi ya ƙi komai shi ake ɗaurawa. A gefensa kuma ga sababbi fil suna ta walƙiya, ba su taɓa kawo ko ɗan ƙaramin kifi ba. Idan ka tsaya ka duba tsohon nan da kyau, za ka tarar ba kyau ne ya sa yake kamu ba. Tafiyarsa a cikin ruwa ce ta yi daidai, nauyinsa ya zauna inda ya kamata, ƙugiyarsa kuma tana ci.

Abin da nake kira ƙoton bogi shi ne duk abin da aka ƙera da itace, roba ko ƙarfe don ya yaudari kifi ya ɗauka abinci ne: kifin katako mai leɓe, cokalin ƙarfe, mai farfela, da tsutsar roba mai laushi. Masana'anta na ƙera su dubbai a lokaci guda, don ruwa iri-iri da masunta iri-iri. Kai kuwa ruwa ɗaya kake shiga, kifi ɗaya ko biyu kake nema. Gyara shi ne ka ɗauki abin da aka yi wa kowa ka mayar da shi naka.

Sana'ar ma da haka ta faro. A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi da itace marar nauyi irin na toshiyar kwalba, ya naɗe shi da takardar ƙarfe mai sheƙi, ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Abin da ya sa a gaba shi ne ya kwaikwayi tangaɗin ƙaramin kifi mai rauni, domin ya lura irinsa manyan kifaye ke fara kai wa hari a cikin garke. Tafiya ya nema, ba ado ba. Wannan shi ne tsarin da za mu bi: ƙugiya da farko, sai tafiya, sai nauyi, sai sauti, launi kuma can ƙarshe. Yawancin masu farawa daga fenti suke farawa, kuma fenti ya fi kama masunci fiye da kifi.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Filaya mai siririn baki, da filayar buɗe zobe mai tsaga idan ka samu (farcenka zai gode maka), ɗan magagari ko dutsen wasa ƙugiya, samfefa mai laushi, sufagulu, gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu, maka marar gogewa, jan farce marar launi, da ƙaramin sikeli mai auna ƙasa da giram ɗaya. Sai bokiti mai zurfi ko baho cike da ruwa. Bokitin nan ya fi duk sauran muhimmanci, domin duk gyaran da ba ka gwada a ruwa ba zato ne kawai.

Ka yi aikin a gida, da natsuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bakin ruwa ba wurin neman zoben da ya faɗi cikin ciyawa ba ne.

Doka ɗaya kafin ka taɓa komai: abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sannan ka matsa zuwa na gaba. Idan ka canza ƙugiya da nauyi da launi a zama ɗaya, ko ƙoton ya gyaru ko ya lalace ba za ka san wanne ya jawo ba. Idan da hali ka mallaki iri ɗaya guda biyu, ka bar ɗaya yadda ya zo, ya zama ma'auni.

Mataki na ɗaya: ƙugiya

Ɗora tsinin ƙugiyar a kan farcen babban yatsanka ka ja a hankali. Idan ta kafe ko ta karce farcen, tana da kaifi. Idan ta zame, ba ta da shi, ko da yau ka ciro ta daga kwali. Wasa ta da magagari daga wajen lanƙwasa zuwa tsini, ja uku ko huɗu a kowane gefe, hanya ɗaya, ba kai da kawowa ba. Kada ka cika wasawa har tsinin ya zama siriri kamar allura, domin zai lanƙwashe da ya haɗu da ƙashi. Wurin da ka wasa ya rasa rufinsa, tsatsa za ta fara daga nan, don haka ka ɗan goga masa maka.

Idan ƙugiyar ta yi tsatsa ko wayarta ta yi laushi har kana iya buɗe ta da yatsa, canza ta. A nan ne mutane ke ruɗewa da lamba. Daga lamba 1 zuwa sama, ƙaruwar lamba raguwar girma ce: lamba 8 ta fi lamba 4 ƙanƙanta. Amma idan aka saka sifili a gefe, abin ya juya: 2/0 ta fi 1/0 girma. Kuma lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba, saboda haka ka ɗauki tsohuwar ka gwada da sabuwar ido da ido, ka kuma aza su a sikeli.

Nauyin yana da muhimmanci domin ƙugiya a jikin kifin katako ba maƙale take kawai ba, tana cikin abin da ke daidaita shi. Ƙugiyar ciki ita ke riƙe shi kada ya kife. Ka sa mai nauyi sosai, tangaɗin ya mutu. Ka sa marar nauyi, ya riƙa birkicewa idan ka ja da sauri. Bayan ka ɗaura sababbi, ka kama ta gaba da ta baya ka gwada haɗa su. Idan suna iya sarƙewa da juna, sun yi tsawo, za su sarƙe a iska kuma jifan ya tafi a banza. Nemi masu gajeriyar ƙafa.

Yawancin ƙoto da ƙugiya mai baki uku yake zuwa. Ba dole ba ne ka bar ta. Ga kifi mai bakin ƙashi da ke tsalle yana girgiza kai, irin tsage, ƙugiya ɗaya mai ƙarfi ta fi shiga da zama, saboda duk ƙarfin fizgarka a tsini ɗaya yake taruwa maimakon ya rabu uku. Ta fi kuma rashin kama ciyawa da saiwa. Idan za ka yi wannan canji, zaɓi ƙugiya ɗaya wadda faɗin bakinta ya kusa faɗin mai baki ukun gaba ɗayanta, nauyinsu kuma ya kusanci juna. Akwai waɗanda aka ƙera musamman da idon da ke layi ɗaya da tsini don su tsaya miƙe a kan zobe ɗaya. Idan ba ka da irinsu, zobe biyu a jere zai juyo maka da ita. Ta ciki tsininta ya kalli ƙasa da gaba, ta wutsiya tsininta ya kalli sama.

Wanda ke sakin kifi bayan kamawa, ya matse kunnen ƙugiyar da filaya har ya kwanta. Cirewa na zama da sauƙi, daga bakin kifi da kuma daga yatsan mutum, kuma duk mai fatsa ya san ranar yatsa tana zuwa. Sharaɗin kawai kada ka bar zare ya yi sako-sako yayin da kuke ja-in-ja.

Mataki na biyu: zobe da ƙulli

Wannan gajere ne, amma a nan ake rasa manyan kifaye. Zoben da ke haɗa ƙugiya da jiki shi ne wurin da masu ƙera ƙoto mai araha ke rage kuɗi. Idan bayan ka buɗe shi bai koma ya rufe ruf ba, jefar da shi. Sa mai ƙarfi, amma mai girma ɗaya, kada ka ƙara nauyin da ba ka shirya ba.

Ƙullin hanci kuma yana canza tafiya fiye da yadda ake zato. Idan ka ɗaure zare tamau a jikin idon hanci, wato ɗan madaukin wayar da ke gaban ƙoton, ka riƙe wa ƙoton kai. Yi ƙulli mai ɗan madauki, ko ka sa zobe ko ƙaramin maƙali, don hancin ya samu sarari ya yi wasa. Idan kana ɗaure a zobe mai tsaga, kada ƙullin ya zauna a daidai tsagar, tana cin zare.

Mataki na uku: tafiya

Je bakin ruwa mai haske, jefa kamar mita goma, ka nuna kan sanda kai tsaye wajen ƙoton ka naɗo a hankali, sannan ka ƙara sauri. Mai lafiya zai taho maka a miƙe yana kaɗa jiki daidai hagu da dama. Marar lafiya zai riƙa karkata gefe ɗaya, da ka ƙara sauri kuma ya kwanta da haƙarƙari ya taso sama. Irin wannan ba ya kaiwa zurfin da aka ƙera shi don ya kai.

Maganin a idon hanci yake, wato ɗan madaukin wayar da ake ɗaura zare. Riƙe ƙoton yana fuskantarka, kamar yadda yake tahowa a ruwa. Idan yana gudu zuwa damanka, kama idon da filaya ka tanƙwara shi zuwa hagunka, wato ɓangaren da kake so ya koma. Tanƙwarawa ce, ba murɗawa ba. Kuma kaɗan ƙwarai: idan idonka ya ga wayar ta motsa, mai yiwuwa ka wuce gona da iri. Matsa, jefa, duba, sake matsawa. Wani lokaci sai ka yi sau biyar ko shida. Kada ka riƙa kai shi hagu kana dawo da shi dama, waya na gajiya, kuma a jikin na roba kana iya tsaga hancin ruwa ya fara shiga.

Da ka iya wannan, sai ka fara karkatar da shi da gangan. Ƙoton da ke ɗan gudu zuwa hagu zai shige maka ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo kan ruwa ko gefen dutse, wurin da jifa kai tsaye ba ya kaiwa. Ka yi masa alama a ciki da maka don kada ka manta ka “gyara” shi wata rana.

A siriran kifayen katako masu ido a tsinin hanci, danna idon ƙasa kaɗan yana faɗaɗa tangaɗi, ɗaga shi sama kuma yana matse shi. Faɗin tangaɗi na amfani a ruwa mai laka ko lokacin da kake ja a hankali. Matsattse ya fi dacewa da ruwa mai haske da kifin da ya yi sanyin jiki.

Sai leɓe. Shi ke tura ƙoto ƙasa: dogo wanda ya miƙe gaba yana nitsewa da zurfi, gajere wanda ya kalli ƙasa yana tafiya kusa da sama. Ana iya rage tsawonsa da magagari don ƙoton ya bi ta saman ciyawa ba tare da ya tsunduma ciki ba, ana kuma iya sirantar da bakinsa da samfefa don ya yanki ruwa da sauri. Amma abin da ka goge ba ya dawowa. Ni kaina na taɓa lalata wanda na fi so a akwatina da wannan, ina neman rage masa rabin mita na ƙare da abin da ke juyi kamar farfela, gyaran gangar Abzinawa sosai. Tun daga nan ba na taɓa leɓe sai na zana layi da maka, na goge gefe biyu daidai, milimita ɗaya, na gwada. Ka koya da wanda ba za ka yi kukan rashinsa ba.

Mataki na huɗu: nauyi

Nan ne gyara ya fi biya, don haka bari mu daɗe.

Ƙoto iri uku ne idan ka tsayar da ja: mai tasowa, mai nitsewa, da mai tsayawa cak a tsakiyar ruwa. Kifi mai farauta sau da yawa yakan biyo ƙoto a baya yana shakka. Lokacin da ƙoton ya tsaya, nan ne yake yanke shawara. Idan ya yi sama da sauri kamar toshiyar kwalba, ya fita daga gaban kifin. Idan ya tsaya masa a hanci yana ɗan rawa, da wuya ya haƙura. Mayar da mai tasowa ya zama mai tsayawa, ko mai tasowa a hankali, shi ne gyaran da ya fi kowane canza sakamako, musamman idan ruwa ya yi sanyi kifi ba ya son gudu.

Ga yadda ake yi. Cika bokiti da ruwa. Ɗaura wa ƙoton duk abin da zai shiga ruwa da shi, har da maƙali da wayar kariya idan kana sa wa saboda haƙori, domin su ma nauyi ne kuma a hanci suke. Yanko ɗan falle na dalma mai gam a baya, ko siririyar waya mai nauyi. Manna fallen a ciki da salatif na ɗan lokaci, ko ka naɗa wayar a ƙafar ƙugiyar gaba, can sama don kada ta toshe baki. Danna ƙoton ƙasa da sanda, saki, ka ƙirga. Ƙara har ya fara nitsewa a hankali, sannan ka riƙa yankewa kaɗan-kaɗan har ya tsaya ko ya riƙa tasowa kamar ba ya so. Sai a lokacin ka manna na dindindin ka rufe da jan farce ko ifoksi.

Na fi son a bar shi yana tasowa a hankali ƙwarai maimakon tsayawa cak, saboda tsayuwar ba ta dawwama. Ruwan sanyi ya fi na ɗumi nauyi, ruwan gishiri kuma ya fi na daɗi, don haka abin da ya tsaya a bokitinka zai iya tasowa a wani ruwan ya nitse a wani. Zare ma na da hannu: akwai mai nitsewa, akwai mai yawo a sama. Mai tasowa a hankali kuma yana cetonka idan ya maƙale, ka saki zare ya ja da baya ya fita.

Wurin da ka sa nauyin ya kai yawansa muhimmanci. Tsakanin leɓe da ƙugiyar gaba, hanci zai sunkuya, ya yi saurin nitsewa kuma ya ɗan ƙara zurfi. A tsakiyar ciki, zai tsaya a kwance kamar kifin gaske. Wajen wutsiya, jifa zai ƙara nisa kuma ya rage jujjuyawa a iska, amma kaɗa wutsiya zai ragu. Ga ƙoton da ke tafiya a saman ruwa, ɗan nauyi a baya na ɗaga hanci ya sa ya fi sauƙin yin hagu da dama. Ko ina ka zaɓa, nauyin ya zauna a ƙasa kuma a tsakiyar layin ciki. Ka kauce gefe ko ka hau sama, ƙoton zai kife.

Hanya mafi tsabta ta ƙara ɗan nauyi ita ce ƙugiya mai waya mai kauri ko ƙarin zobe ɗaya. Gwada wannan kafin ka manna komai. Wanda ya ƙware yana iya huda cikin na katako ya cusa nauyi ya toshe da ifoksi, amma duk ramin da bai toshu da kyau ba zai sha ruwa, itacen ya kumbura, fenti ya tsage.

Dalma guba ce. Kada ka cije ta da haƙori, kada ka narka ta a ɗaki rufe, ka wanke hannu bayan aiki. Tsuntsayen ruwa na haɗiyar wadda ta ɓace su mutu, shi ya sa Birtaniya ta hana amfani da yawancin ƙananan nauyin dalma na fatsa a 1987. Ka bincika dokar inda kake kamun kifi. Ƙarfen tangistan ya fi dalma nauyi nesa, kusan giram 19 a dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri, yayin da dalma ke da kusan 11, don haka ɗan ƙarami ya isa. Wayar tagulla ma na yi idan nauyin da kake nema kaɗan ne.

Mataki na biyar: sauti

Kifi ba da ido kaɗai yake farauta ba. Yana da kunne a cikin kai, yana kuma da wani layi a gefen jiki daga kai zuwa wutsiya wanda ke jin motsin ruwa na kusa. Sauti a ruwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. A ruwa mai laka ko da dare, ƙoto mai ƙara na taimaka wa kifi ya gano shi. Za ka iya cusa ɗan bututu mai ƙwayoyin ƙarfe a cikin na roba mai laushi, ko ka huda na roba mai tauri ka zuba ƙwayar boris biyu ko uku ka toshe. Ƙanana da yawa na ba da kacau-kacau, babba guda ɗaya na ba da ƙwanƙwasa mai zurfi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kashe ƙarar ma gyara ne. A ruwa mai haske, marar motsi, inda masunta da yawa ke jefa masu ƙara kullum, shiru ya fi kamu. Huda ɗan rami daidai inda ƙwayoyin suke, ɗiga sufagulu, karkata ƙoton su taru a ƙasan ciki a tsakiya, ka bar shi ya bushe a haka, sannan ka toshe. Ka lura, a wasu ƙoton ƙwayoyin nan ba don ƙara aka sa su ba, suna gangarawa baya ne lokacin jifa don ƙara nisa. Ka manne su, ka rasa wannan.

Mataki na shida: launi

Ruwa na shanye launi ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, ko a ruwa mai haske bai cika wuce mita biyar ko makamancin haka ba kafin ya koma duhu-duhu. Sai ruwan lemo, sai rawaya, sai kore, shuɗi ne ke kaiwa can ƙasa. A ruwa mai laka kuwa duk lissafin na gajarcewa. Don haka zanen da ka ɓata awa uku a kansa, kifi na iya ganinsa a matsayin inuwa kawai. Abin da ke saura shi ne bambancin haske da duhu, da walƙiya.

Ruwa garau da rana: launin ƙananan kifayen wurin, azurfa, farin ciki, baya mai duhu. Ruwa mai laka: fari tas, rawaya mai ƙyalli, ruwan zinariya, ko baƙi ƙirin. Da dare, ga ƙoton saman ruwa, baƙi ya fi, domin kifi daga ƙasa yake kallo kuma baƙi ne ke fitowa sosai a kan hasken sama. Ka kuma tuna ciki da gefe kifi ya fi gani, bayan ƙoton kai ne mai kallonsa.

Kafin ka kai ga fenti, maka ta isa. Ja baƙin layi a baya, ɗiga baƙin tabo bayan kai, zana 'yan ratsi a gefe, sa ɗan ja a maƙogwaro ga wanda ke tafiya sama-sama. Idan ƙoton ya cika sheƙi har kana ganin kifi na biyowa yana juyawa, goge shi da samfefa mai laushi ya dusashe. Ido kuma idan ya fita ka mayar, ko ka ɗiga fari ka sa baƙi a tsakiya da kan ƙusa.

Idan sai ka yi fenti gaba ɗaya: cire ƙugiyoyi, rufe leɓe da salatif, goge tsohon rufin sama-sama, shafa fari a matsayin shimfiɗa, sannan launi daga mai haske zuwa mai duhu, falle siriri. Naɗa ɗan ƙyallen raga kafin ka fesa launin gefe, zai ba ka zanen ɓawon kifi. Rufe da ifoksi mai jinkirin bushewa, irin na minti 30, domin na minti 5 yana daskarewa kafin ya baje kuma yana komawa rawaya. Riƙa juya ƙoton har ya fara kamawa don kada ya taru a gefe ɗaya, sannan ka bar shi kwana guda. Rufin nan na ƙara nauyi, saboda haka ka koma bokiti. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba idan ƙoton da ke tsayawa jiya ya zama mai nitsewa yau.

Gashin tsuntsu ko zare mai ƙyalli a ƙugiyar wutsiya ya fi fenti aiki a ganina. Ɗaure kaɗan da zare, ɗiga gam a ƙullin, kada tsawonsa ya wuce ƙugiyar da yawa. Idan ƙoton ya tsaya, gashin na ci gaba da numfashi a ruwa, kuma yana ba kifi wurin kai hari daidai inda tsini yake. Ya yi yawa kuma sai ya zama birki.

Cokali, farfela da roba mai laushi

Cokalin ƙarfe da lanƙwasa yake aiki. Ƙara masa lanƙwasa, ya yi faɗin tangaɗi ko da ja a hankali. Miƙar da shi kaɗan, ya jure sauri da ruwa mai gudu. Idan yana juyawa gaba ɗaya maimakon kaɗawa, ko ka cika sauri ko lanƙwasar ta yi yawa, kuma zai murɗe maka zare, don haka sa majuyi mai kyau a gabansa, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa don kada zare ya murɗe. Wanda ya dusashe, man goge baki da tsumma sun isa su dawo da shi.

A mai farfela, siffar ganyen ce komai. Mai faɗi zagayayye yana bugun ruwa da ƙarfi, yana juyawa ko a hankali, yana kuma ɗaga ƙoton sama: na ruwa mai laka ne. Siriri dogo kamar ganyen itace ya fi walƙiya, ya fi yanka ruwa da ciyawa, ya fi zurfi da sauri. Canza ganye ɗaya ya ba ka sabon ƙoto.

Roba mai laushi ita ce mafi sauƙin wasa. Idan wutsiya ta lanƙwashe a leda, tsoma ta a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu ka shimfiɗa ta ta huce a miƙe. Idan kifi na cizon wutsiya ba ya kaiwa ƙugiya, yanke daga wajen kai ka gajarta jiki. Cusa guntun ƙusa a kai, ta riƙa nitsewa da hanci wutsiya a sama kamar mai kiwo a ƙasa. Tsaga wutsiya gida biyu ko uku da reza don ƙarin motsi. Ɗigon sufagulu a inda ta haɗu da dunƙulen dalmar da ke kan ƙugiya zai hana ta zamewa bayan kowane cizo. Man ƙanshi na kifi ko tafarnuwa da ake shafawa ba lallai ya jawo kifi daga nesa ba, amma yakan sa wanda ya kama ya ɗan daɗe bai tofar ba, kuma wannan daƙiƙar kake nema. Wajen sa ƙugiya kuma, ta shiga tsakiya ta fito tsakiya. Robar da ta karkace za ta yi ta juyi, babu gyaran da zai cece ta.

Gwaji da ajiya

Kai gyararren da tagwayensa wanda ba ka taɓa ba wuri ɗaya, ka riƙa musanya su duk bayan jifa goma sha biyar ko ashirin. Idan kuna biyu, kowa ya riƙe ɗaya, ku yi musaya bayan wani lokaci don kada hannun mutum ya shiga lissafi. Rubuta abin da ka canza, hasken ruwa, lokaci, cizo nawa da kamu nawa. Cizo ba kamu na nuna matsalar ƙugiya ko girman jiki. Bi ba cizo na nuna tafiya, sauri ko tsayawa. Rashin ko bi kuwa sau da yawa zurfi ne, ko kuma babu kifi a wurin, wanda ba laifin ƙoto ba ne. Fita ɗaya ba ta isa hukunci, ka ba shi uku ko huɗu.

Da ka dawo, bar akwatin a buɗe komai ya bushe, wanda ya shiga ruwan gishiri kuma ka ɗauraye shi da ruwan daɗi tukuna. Kada ka haɗa roba mai laushi da mai tauri a gida ɗaya, sinadarin da ke sa ta laushi yana cin fenti da jikin ɗayan. Robobi masu laushi na kamfani daban-daban ma wasunsu na narka juna, launinsu kuma na zuba, don haka kowace ta zauna a ledarta. Wanda ka ƙara wa nauyi, rubuta adadin giram ɗin a ƙarƙashin leɓensa da siririyar maka ka shafa jan farce a kai, don ranar da kifi ya tafi da shi ka iya haɗa wani irinsa.